Tafi Uku a Ajin Malama Raɗa

Yayata malamar firamare ce, ni kuma tela ne, amma har yau wannan bambancin bai shiga kanta ba. A wurinta, shagona reshen ajinta ne. Takan shigo ta wuce kai tsaye ƙarƙashin keken ɗinki, ta tsince ƙyallayen da suka zuba ta cusa a jaka, sai ta gama sannan ta ɗago ta tambaye ni ya aiki. Akwai ranar da wani mutum ya zo karɓar rigarsa, na buɗe gwangwanin maɓallai na tarar da shi wayam. Ban ma tsaya nema ba. Na san suna aji biyu ana koyon ƙidaya da su.

Tun muna yara haka take. Ni ne auta, don haka ni ne ɗalibinta na farko. Sauran 'yan ajin takalman gidanmu ne, takan jera su a tsakar gida tana kiran suna, in takalmin Baba bai amsa ba, ni ake sa wa durƙuso. A lokacin tana da murya ta gaske. In ta ƙwala mini kira "Auta!" daga ƙofar gida, har autan maƙwabta sai ya amsa.

Da ta fara koyarwa, muryar nan ce jarinta. Shekara goma sha takwas tana faɗin a yi shiru, a zauna, a sauko daga taga, a daina cin alli. Wata safiya ta buɗe baki za ta kira suna, sai iska kawai ta fito. Likita ya leƙa maƙogwaron da 'yar fitilarsa, ya ce muryar ta gaji, kuma ba za ta dawo yadda take ba. Za ta iya magana, amma ƙasa-ƙasa, kamar mai gulma a bayan labule. Ba zan ɓoye ba, kwana biyu na yi ina murna. A rana ta uku ta zo shagona ta zauna, ba ta tsinci ƙyalle ko ɗaya ba, tana ta kallon bango. Ranar na ji tausayinta har na kasa zura zare a allura.

Mako guda ta yi a haka, sannan ta koma aji da dabara. Tunda baki ya ƙi, hannu zai yi. Tafi ɗaya, kowa ya zauna. Tafi biyu, kowa ya miƙe tsaye. Tafi uku, an tashi: a haɗa littattafai, a tura kujera, a fita a layi zuwa gida. Ta horar da su su bi da kunne, ba sai sun ɗago sun kalle ta ba, don yaro mai rubutu kada ya ɓata lokaci. Sai ta kafa doka mai tsauri, cewa ba wanda zai tafa hannu a ajin sai ita. In wani ya yi abin kirki ana so a yaba masa, sai a ɗaga hannuwa sama a kaɗa yatsu, shiru. Yara hamsin da biyu suna kaɗa yatsu ba ƙara, in ka leƙo ta taga sai ka ɗauka sauro ne ya dame su. Daga nan yaran suka sa mata Malama Raɗa, sunan ya bi ta har gida.

Abin da baki ya daina faɗa kuma, sai ta ɗora wa bango. A nan ne ni na shiga uku. Ta sa na yanka mata itace na yadi mai tsayin mutum, aka manna a bangon baya, kowane yaro da ganyensa da sunansa a jiki. Wanda ya yi ƙoƙari, ganyensa ya hau reshen sama, wanda ya ciji ɗan uwansa, ganyensa ya sauko gindi ya kwana biyu a can. Agogon koyon lokaci murfin tukunyar matata ne, kuma har yau matata ba ta san inda ya shiga ba. Daga rufi kifayen kwali ne ke lilo a jikin zarena, kowanne da lambarsa. Sai babbar kyauta, hular gwani, wadda na ɗinka da ƙyalle kala tara da tuntu a samanta. Ban taɓa ɗinka abu mummuna kamarta ba, amma yara kan yi mako guda suna wanke ƙafa da gyara rubutu don su sa ta ranar ƙarshen mako.

Shekara huɗu abin yana tafiya lafiya, sai aka kawo sabon hedimasta. Mutum ne mai murya kamar ana sauke buhu daga mota, malamai a ɓoye suna ce masa Lasifika. Shi a ganinsa, ajin da ba a jin ihun malami daga ofis, ba a karatu a cikinsa. Ya wuce ta ƙofar aji biyu sau uku bai ji komai ba, sai hankalinsa ya tashi. Ya kira Yaya ya gaya mata, cikin ladabi irin nasa wanda aka ji har filin ƙwallo, cewa malami ba murya kamar mota ce ba hon. Ya ce ya riga ya rubuta a mayar da ita ɗakin ajiya ta riƙa jera rajista da ƙirga tsintsiya, kuma sufeton makarantu zai zo ya gani da idonsa kafin ya sa hannu.

Na san ɗakin ajiyar nan. Taga ɗaya ce, kuma ba yaro ko ɗaya a ciki. Yaya ta zo ta gaya mini a tsaye, ta matso kusa da kunnena kamar yadda ta saba.

"Auta, in suka raba ni da yaran nan, to me ya rage mini?"

Sai na ce zan ɗinka mata sababbin labule na aji. Iyakar abin da tela zai iya ke nan.

Labulen ne suka sa na ga komai da idona. Ranar da aka ce sufeto zai zo da rana tsaka, na je da safe in rataye su, ina kan teburi a bayan aji da ƙusa a baki sai ga su sun shigo ƙarfe goma. Hedimasta a gaba, sufeto a baya, dattijo ne siriri mai kwat da fayil a hammata, yana tafiya kamar kada ƙasa ta ji zafi. Kifin lamba bakwai ya shafi kansa, ya kauce masa da girmamawa. Hedimasta ya harare ni, na yi kamar ni ma cikin kayan adon nake.

Yaya ta tafa biyu, yara suka miƙe suka gaishe su. Ta tafa ɗaya, suka zauna. Sufeto ya samu 'yar kujera a baya kusa da teburina ya lanƙwashe a kai, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Aka fara lissafi da maɓallaina. Yaya tana bi layi-layi tana raɗa, yara suna miƙa wuya don kada kalma ta wuce su. Wata 'yar ƙarama mai giɓi ta fita allo ta haɗa goma sha bakwai da takwas daidai, aka kaɗa mata yatsu, aka ɗaga ganyenta reshe ɗaya. Sannan kowa ya duƙufa kan littafinsa yana kwafa. Ba ka jin komai sai ƙarar fensir da numfashin hedimasta.

Abin ya burge sufeto. Na ga ya ajiye fayil a cinya, ya ware hannuwa, na gane abin da zai yi amma ƙusa tana bakina. Da a ce irin mutanen nan ne masu ruwan tafi barkatai, da yaran sun rikice sun ɗago. Amma shi mutum ne mai natsuwa. Ya tafa a hankali, da tazara, irin tafin manya. Raf. Raf. Raf. Ya tsaya.

Ba yaron da ya ɗago kai. Littattafai hamsin da biyu suka rufe lokaci guda. Fensira suka shiga jaka, kujeru suka shige ƙarƙashin tebura, layin farko ya fita, na biyu ya bi. Yaya tana can ƙuryar gaba tana ɗaga hannu tana cewa su tsaya, amma wa zai ji ta cikin ƙarar takalma? Yarinyar da ke da aikin rufe ƙofa a makon ta tsaya ta ce mana sai gobe, ta ja ƙofar a hankali yadda aka koya mata. Kafin sufeto ya sauke hannunsa, ajin ya rage mu huɗu da kifaye.

"Ina za su?" in ji sufeto.

"Gida, ranka ya daɗe," na ce, bayan na tofar da ƙusar. "Kai ka tashe su."

Hedimasta ya banke ƙofa ya fita, muka bi shi. Yaran sun bazu a fili, na gaba sun kusa bakin get, ƙarfe goma da rabi na safe, murna kamar su tashi sama. Ya cika ƙirji ya saki muryar nan tasa. Ya ce su dawo, ya ce su tsaya, ya ce zai rubuta sunayensu. Tsuntsaye suka tashi daga kan rufi, malaman sauran azuzuwa suka leƙo, amma yaran ko waiwaye. Ba rashin kunya ba ce. Tun da ya zo makarantar yake ihu daga safe har tashi, sun saba jin sa kamar yadda ake jin injin niƙa a unguwa.

Sai Yaya ta fito ta tsaya a bakin baranda. Ta jira hedimasta ya tsaya jan numfashi, ta tafa sau ɗaya.

Yara hamsin da biyu suka zauna a inda suke. Wasu a kan yashi, wasu a kan jakunkunansu, ɗaya a cikin ruwan da ke kwance gindin famfo. Wani da ya riga ya sa ƙafa ɗaya a waje ya zauna a kan dokin get. Maigadi, tsohon da ya shekara huɗu yana jin tafin nan ta taga, shi ma sai ga shi zaune a ƙasa da makulli a hannu. Ni kaina ban san lokacin da na samu kaina zaune a kan matakala ba. Har hedimasta na ga gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe kafin ya tuna ko shi wane ne.

Ta tafa biyu, suka miƙe. Ba ta da tafin dawowa, don ba ta taɓa bukatarsa ba, sai kawai ta juya ta shiga aji. Suka biyo ta a layi, na gindin famfo a ƙarshe yana ɗiga.

Sufeto ya daɗe yana rubutu a tsaye. Da ya gama, ya ce wa hedimasta a nemi wani ya ƙirga tsintsiyar. Sannan ya sunkuya ya tambayi Yaya ko akwai abin da take bukata. Ta raɗa masa cewa akwai doka a ajin, duk wanda ya tafa ba izini, shi zai goge allo. Dattijon nan ya cire kwat ya miƙa mini, ya goge allon tas, har kusurwoyi. Yara suka kaɗa masa yatsu. Hedimasta kuwa, na ji labarin washegari ya gwada tafi ɗaya a taron safe, yara suka duba ko sauro ya kashe.

Shekara takwas ta ƙara a ajin nan, maɓallaina ba su huta ba. Bara ta yi ritaya. Aka yi ɗan taro a cikin aji biyu, ni ma na je, da niyyar in karɓo murfin tukunyar matata. Hedimasta, wanda zuwa lokacin muryarsa ta fara dishewa, ya yi jawabi mai tsawo, a ƙarshe ya ce a tafa wa Malama. Ba wanda ya tafa. Na duba, sai na ga yaran duk sun cusa hannuwansu ƙarƙashin cinya sun zauna a kai, wai kada wani ya yi kuskure ta kai uku.

Yaya ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta rataya jakarta, ta gyara ganyen wani da ya karkace, ta koma gaban allo ta tafa da kanta, sau uku, yadda ta saba. Ba littafin da ya rufe, ba kujerar da ta motsa. Muna nan zaune har maigadi ya zo da makulli, kuma murfin tukunyar yana nan a bango, ban iya ɗaukowa ba.