Ƙwallo Ɗaya Tilo ta Ermete Bucciarelli

Duk garin Montecerro babu wanda bai san Ermete Bucciarelli ba, mai facin taya a bakin tasha, ɗan wasan tsakiya na ƙungiyar garinmu. Shekara goma sha tara yana taka leda a rukunin can ƙasa, inda 'yan kallo arba'in ne, rabinsu surukai. Ya taɓa komawa ƙungiyar garin da ke bayan dutse, ya dawo bayan wata uku, wai taliyarsu ta cika laushi.

Wajen ba da fas kam Allah ya yi masa baiwa. Ko gishiri matarsa Ilde ta ce ya miƙo mata, sai ya duba hagu da dama tukuna ya ga ko akwai wanda ya fi ta fili. Amma cin ƙwallo? Ko a mafarki bai taɓa ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Al'adarmu ce duk wanda ya ci ƙwallonsa ta farko, ranar Talata ya kawo faranti cike da kek wurin atisaye. Ermete ya ci na kowa, har na yaran da aka haifa yana cikin ƙungiyar, shi kuwa ba a taɓa lasar nasa ba. Abin na cin sa a rai, ko da yake bai hana shi ƙara yanka na biyu ba.

Ranar wasansa na ƙarshe, saura minti huɗu, aka ba mu fenariti. Gualtiero, ɗan gabanmu mai baƙin rowar ƙwallo, ya ɗauko ƙwallon ya manna wa Ermete a ƙirji.

"Ungo, tsoho. Ka buga kafin gwiwar nan ta tsinke."

"Kai, Gualtie', ni fa ban saba ba."

"Ga raga can, farar nan mai ramuka. Ko in gabatar da ku?"

Ilde ta miƙe daga kan benci ta ƙwala ihu: "Erme', in ka zubar, ka nemi gidan da za ka ci abincin Lahadi!"

Ermete ya ja baya, ya yi alamar gicciye sau uku, ya taho da gudu kamar tsohuwar babbar mota a hawa. Da ya iso, ƙafar nan da ta shekara goma sha tara tana abu ɗaya ta yi abin da ta sani: ta tura wa Gualtiero fas, a hankali, cikin ladabi.

"Wayyo! Me zan yi da ita, jaki?" in ji Gualtiero. Don haushi ya rufe ido ya ɗirka mata ƙafa. Ermete ya juya zai kauce, ƙwallo ta daki mazaunansa, ta yi sama, ta tsallake gola, ta faɗa raga.

An ce ihun da aka yi har tantabarun coci sai da suka yi ƙaura. Alƙalin wasa ya ciro littafinsa, ya dubi bayan Ermete, ya rubuta lambar rigarsa, takwas, a matsayin wanda ya ci.

Golan ya zo yana kakkaɓe wando. "Abin kunya dai, Bucciarelli. Da gindi?"

Ermete yana haki, hawaye shaɓe-shaɓe, ya dafa kafaɗarsa. "Yaro, ai ganin inda ka tsaya na yi."