Na Yi Kukan Karena a Makokin Mijin Wata

Edita, ina gaisuwa. Ni mace ce daga kudancin Kaduna, a aji shida na firamare karatuna ya tsaya. Lokacin da abin nan ya faru ina aikin shara da goge-goge a wani gidan kula da tsofaffi a Manchester, ina zaune a ɗan ƙaramin gida a unguwar Old Trafford. Mijina ya rasu tun muna gida, 'ya ɗaya gare ni. Tun ina yarinya ni mai yawan damuwa ce. Sai in kulle ƙofa, in kai bakin titi, in dawo in sake taɓa ta. In na gai da mutum ya amsa a gajarce, ranar ba ni da sukuni, ina ta neman laifin da na yi masa. Ba zan faɗi sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa za su gane kansu.

Da 'yata ta samu jami'a a wani gari, sai ta ja ni wurin da ake ajiye karnukan da masu su suka yasar. Na ƙi. Na ce a garinmu kare na gadi ne da farauta, ragowar tuwo yake ci, a gindin rumbu yake kwana. Ta ce Mama, in ba ta samo mini wanda zan riƙa damuwa a kansa ba, zan yi ta kiranta har wayarta ta ƙone. Haka muka dawo da wani tsohon kare ja mai yagaggen kunne. Ranar farko da na ɗaga tsintsiya ya ruga ƙarƙashin tebur yana karkarwa, na gane da ita aka saba dukansa. Daga ranar na ɓoye tsintsiya a saman kabad, ba na shara sai yana tsakar gida. Shi kuma in na tashi duba murhun gas da ƙofa sai ya bi ni, ya zauna yana jira har in gama. Bai taɓa gajiya da ni ba. A hankali barci ya fara zo mini. Amma a coci ce musu nake karen yarinyata ne, riƙo nake yi. Na sha jin mata suna yi wa Turawa ba'a, wai suna sa wa kare riga su kai shi asibiti. Ni ma in yi dariya tare da su, alhali nawa yana da rigar sanyi da na saƙa masa da hannuna.

Wata Asabar zumuntar matanmu ta ɗauki bas za mu Birmingham gaisuwa, wani dattijo cikin mutanenmu ya rasu. Ni daga nesa kawai na taɓa ganinsa a wani taro. Da safen karen ya sunsuna abincinsa ya bari, ya koma ƙarƙashin tebur ya kwanta. Na taɓa hancinsa, na taɓa cikinsa, ya lashi hannuna. Raina ya ce in zauna. Amma da wane baki zan gaya wa shugabar zumunta cewa ba zan je gaisuwar mutuwa ba don kare bai ci abinci ba? Na bar wa maƙwabciyata mabuɗi, wata tsohuwar Baturiya da ke son shi, na shiga mota. Mata suna ta waƙa a hanya, ni hankalina yana ƙarƙashin tebur.

A gidan makoki an kwashe kujerun falo, mata sun zauna a ƙasa sun kewaye matar mamacin. Idonta a bushe, kowa na ce mata ta daure, Kirista ba ya kuka kamar wanda ba shi da bege. Sai wayata ta motsa, na fita wajen matakala. Maƙwabciyata ce tana kuka. Ta sami karen a kwance bakin ƙofa, ta ɗauke shi zuwa wurin likitan dabbobi, kafin su kai ya mutu. Na koma falo da niyyar ɗaukar jakata, sai wani ihu ya fito daga bakina wanda ko a rasuwar mijina ban yi irinsa ba. Mata suka rirriƙe ni. Matar mamacin ta tashi daga wurinta ta rungume ni, ita ma ta fashe da kuka. Na ji wata tana cewa ashe haka nake kusa da Baba ba su sani ba. Na bar su a haka.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. A mota an yi ta yi mini sannu. Ranar Lahadi matar fasto ta kawo ni misali, wai mata su koyi zumunci a wurina. Matar mamacin ta fara kirana a waya tana ce mini ƙanwata. In na tashi aiki ba na son shiga gida in ga kwanonsa, sai in hau bas har unguwar Withington in dawo ba tare da na sauka ba. Abu biyu ke cina. Na farko, ko tafiyata ce ta kashe shi. Na yi ta komawa wurin likitan har yarinyar da ke karɓar baƙi ta san fuskata. Sun ce ƙari ne a saifarsa ya fashe, ko da safen na kawo shi da wuya ya tashi. Na biyun ya fi nauyi: na karɓi sannun da ba tawa ba a gaban gwauruwa, ina ji tana gode mini. Aka zo Jibin Ubangiji, gurasa mai tsarki da ake rabawa a coci, na bari ya wuce ni. 'Yata ta ce in manta, ban cuci kowa ba. Ban iya ba.

Na shirya na koma Birmingham ni kaɗai. Na durƙusa na ce Mama, kukan ranar nan ba na Baba ba ne, na gaya mata komai kaina a ƙasa. Har na fara neman takalmina da ido. Sai ta tambaye ni kare nake nufi, mai ƙafa huɗu? Na ce e. Ta kama dariya har tana share ido da bakin zani. Ta ce da Baba ya ji wannan sai ya faɗo daga kujera, shi da kullum yake cewa ranar da ya mutu shinkafa kawai mata za su zo ci. Da dariyar ta lafa ta ce tun da ya cika ba wanda ya bar ta ta yi kuka, kowa wa'azi yake mata, ihuna ne ya buɗe mata ƙofa, kuma ba ruwanta da wanda ya jawo shi. Ta tambayi sunan karen da abin da yake son ci. Sannan ta gyara zama, ta kama hannuna, ta ce mini ya haƙuri, Allah ya ba ni dangana. Ita ce mutum ta farko da ta yi mini gaisuwarsa.

Abin da na koya shi ne, kunyar abin da nake so ita ta jefa ni cikin wannan hali. Da ban ɓoye shi ba, da na iya cewa ba zan yi tafiya ba, da ya mutu kansa a cinyata. 'Yan'uwana da ke ƙasar nan, in dabbarku ta ƙi abinci ku kai ta a duba, kada ku tsaya tunanin bakin mutane. Kuma ku rage ba'ar nan a taro, ba ku san wace ce ke dariya tare da ku alhali karen nan ne kaɗai ke tarbarta a ƙofa ba. In kun ga mutum na kuka ku fara yi masa sannu kafin ku auna ko abin ya kai. Ni dai na sauko da tsintsiyata daga saman kabad, amma har yau kafin in ɗaga ta sai na leƙa ƙarƙashin tebur.