Layi na Uku

Shekara arba'in da ɗaya Delbert Hutchins ya yi yana rubuta lambobi a bencinan filin ƙwallon jami'ar garinmu, amma bai taɓa kallon wasa ɗaya har ƙarshe ba. Shi ƙwallo ba ta dame shi. Ginin ne ya shiga ransa. Ka tambaye shi hanyar banɗaki, sai ya tsare ka da labarin yadda aka fara gina filin kamar takalmin doki, aka toshe bakin daga baya, aka ɗora bene. Mutane har kauce masa suke yi.

Ana saura kwana uku a fasa tsofaffin matakalan gabas don a sa kujerun roba, ya hango wata tsohuwa durƙushe a layi na uku tana leƙen ƙarƙashin benci. Mis Opal Renfro ce, wadda ba ta fashin wasan Asabar.

"Mis Opal, ɗan kunne ne ya faɗi?"

"Delbert, rabu da ni da surutunka."

Bai rabu da ita ba, ai ba halinsa ba ne. Da ƙyar ta faɗa masa. Babanta magini ne. Ranar da aka haife ta suna zuba kankaren gabas, ya ce ya rubuta sunanta da ƙusa ƙarƙashin layi na uku. Aure ya kai ta nesa, sai bayan rasuwarsa ta dawo ta gaji tikitinsa na kujerar dindindin. Tun lokacin take dubawa, ba ta ga komai ba.

"Mutumin akwai shi da ƙarin gishiri," in ji ta. "Amma wannan ɗayar na so ta zama gaskiya."

Tausayinta ya kama Delbert, sai dai son sani ya fi ƙarfi.

"Wace shekara aka haife ki?"

"Kai, ba ka da kunya? Arba'in da takwas."

Ya shiga lissafi da yatsu. A saba'in da ɗaya jami'a ta rasa wurin faɗaɗawa, sai aka haƙe filin wasan aka yi ƙasa da shi, aka ƙara layi goma sha ɗaya daga gaba. Masu tikiti ba wanda aka tayar, lambobi kawai aka sauya.

"Layi na ukun babanki ya zama na sha huɗu," ya ce.

Suka hau a hankali, yana riƙe da hannunta. Ba ta jira ya nuna mata ba, ta nufi wani wuri kai tsaye ta tsaya. Delbert ya kwanta rub da ciki, ya kankare tsohon cingam da wuƙar fenti. Ga shi nan, rubutun ƙusa a karkace: OPAL.

Ta ciro tikitinta daga jaka ta miƙa masa. Layi na sha huɗu, lamba tara.

"Shekara talatin ina zaune a kansa," ta ce, "ina kiran bawan Allah maƙaryaci."