Dattijon da Aka Ba Cokali

Ina zaune a wani gidan abinci da ya yi suna wajen Ƙofar Kabuga, ina jiran tuwon shinkafa. A teburin kusa da ni akwai wani dattijo baƙo, cikin farar riga mai karin guga, irin wadda sai Juma'a ake fito da ita. Tafin hannunsa duk kantar fartanya ce. Da alama ɗansa ne ya kawo shi ganin birni, wani matashi mai wayoyi biyu.

Ana ajiye musu abinci, dattijon ya naɗe hannun riga, ya juyo gare mu.

"Malam, bismillah. Jama'a, bismillah."

"Haba Baba!" in ji ɗan, yana waige-waige. "Ba a yin haka a nan. Ungo cokali, mutane na kallonmu."

Babu mai kallonsu sai ni.

Dattijon ya sauke hannun rigarsa a hankali. Yana riƙe da cokalin kamar ajiyar wani, miyar tana zubewa kafin ta kai baki. Can ya ajiye shi.

"Na ƙoshi, Ɗalha."

Ɗalha bai ji ba, yana ɗaukar hoton farantin.

Ina tsammanin hannun nan ne ya fara sa wa yaron loma a baki, kuma ba na jin ranar an nemi cokali.

Tuwona ya iso. Na ture cokalina gefe, na wanke hannu, na juya wajen dattijon.

"Malam, bismillah."