Na Zaɓi Kunnen Jita da Ƙusa

Sana'ar da aka san ni da ita a Ƙofar Guga gyaran fanka ce, da naɗin koyil, da ɗan taɓa lasifika in ta samu. Wadda nake so a san ni da ita kuwa kiɗan jita ce, amma ita wannan sai ranar biki. Boko aji uku na yi, na ukun ma sau biyu, don malamin ya ce bai gaji da ganina ba. Saboda haka duk abin da na sani a duniya hannuna ne ya koya mani, kuma hannu malami ne mai son a yabe shi.

Jitar wani direban babbar mota mai zuwa Maraɗi ya bar mani ita, shekara talatin da wani abu ke nan, a madadin kuɗin gyaran rediyonsa. Ja ce a da. Yanzu launinta ya koma na tofin goro. Da ita na shiga ƙungiyar taubashina, ɗan goggona, mawaƙin biki. Shi yana ce mani bawansa, ni ina ce masa bawana, kuma iyayen da za su raba gardamar duk sun riga mu gidan gaskiya. Mu ne shi, da masu kalangu biyu, da 'yan amshi, sai ni a gefe kan benci.

Yana da wata al'ada. In waƙa ta yi daɗi, sai ya tsaya a tsakiya ya kira makaɗi da wata baƙar magana, kowa ya yi shiru, a bar wa wanda aka kira fili shi kaɗai. Wannan kiran shi ne albashin gaske. Sai da aka shekara guda cur bai kira ni ba, ina lura, ina yi kamar ban lura ba.

Laifin na kunne ne. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki akwai wasu 'yan abubuwa dogaye kamar yatsa, uku ne a tawa. Masu sayarwa fikof suke ce masu. Ni kunne nake cewa, don aikinsu ke nan, su saurari tsirkiya su kai gulmarta wurin amfilifaya. Cikin kowanne ba komai sai mayen ƙarfe da siririyar waya naɗe a jikinsa. Na kusa da wuyan jita shi ne nawa, shi ke ba da murya mai kauri da zaƙi, kusa da ta molo. Sauran biyun tsiwa gare su, kamar ana kankare ƙanzo. To, zufar shekaru ta shiga nawa ta ci shi. Sai ya riƙa ɗaukewa ana cikin kiɗa, ya dawo lokacin da ya ga dama. A wani wunin biki ya ɗauke, na murɗa ƙara har ƙarshe, ya dawo da wani ihu kamar an taka wutsiyar kare. Wata tsohuwa ta zubar da zoɓonta a cinyar maƙwabciyarta.

Muna naɗe wayoyi bayan an tashi, taubashina ya ce, "Bawana, jitar ga ce ta tsufa ta bar ka, ko kai ka tsufa ka bar ta?"

Na ce, "Tare muke tafiya, muna bin bayanka."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan wayar da yake naɗewa. Ya ce, "Akwai wani mai fiyano da ke bina tun bara. Shi kaɗai shina yin jita, shina yin algaita, har ganga. Kuma ba ya cin tuwo malmala uku. Asabar ta sama muna da wuni Ƙofar Sauri, zan zo da shi. In taka ta yi magana, to. In ba ta yi ba, ka riƙa ɗaukar mana lasifika, ai kai ma'aikacin lantarki ne."

Na koma gida ina lissafin cewa mutumin da ya naɗa koyil ɗin fanka ya fi a ƙirga ba zai tsaya wani ɗan yatsa ya gagare shi ba. Na cire kunnen, na warware wayar. Siririya ce fiye da gashin jariri, tana tsinkewa in ka yi mata numfashi. Na ce wannan ai rowar Turawa ce. Na ɗauko wayar fanka mai ƙwari na naɗa masa, ta cika wurin tun ban gaji ba. Na mayar, na jona, na kaɗa. Akwai sauti, ba zan yi ƙarya ba. Sauro ne a cikin tulu. Ashe yawan zagayen ake so, ba ƙwarin wayar ba. Na kashe kunnen da hannuna, na yi masa addu'a, na jefa a kwalin tarkace.

Washegari na hau acaɓa zuwa kasuwa, wurin wani Alhaji mai sayar da kayan sauti na gwanjo. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi kasuwa, ya tambayi gwiwata, na tambayi ciwon sugansa, sannan ya jawo wani gwangwanin madara ya zazzage a kan tebur. Kunnuwan matattun jitoci ne, kusan goma. Da na auna da mita, uku ne masu rai.

Ya ɗaga na farko, mai faɗi, kamar biyu aka manne. "Wanga tagwaye ne. Ba ya gurnani ko janareta na kusa. Amma sai ka sassaƙe jitarka kafin shi shiga."

Na ce ba mai kai wa tsohuwata wuƙa.

Ya nuna na biyu, fari ne da ya koma ruwan ƙasa, gefensa a tsage. Na ukun baƙi ne wuluk, yana sheƙi, da nauyi a hannu.

A nan ne ilimina ya tashi. A sana'armu lasifika da mayenta ake gane ta. Ka manna mata ƙusa, in ta riƙe har sai ka yi nishi kafin ka cire, ta ƙwarai ce. Kullum da ƙusa a aljihuna saboda haka. Na kai ta kusa da farin, ya kama ta kamar mai gaisuwar dole. Na kai ta wajen baƙin, tun ba ta iso ba ya fizge ta, ƙas! Mita ma ta nuna ya fi waya a ciki.

Alhaji ya ce, "Malam, da ka zo da jitar an gwada da kunnen mutum. Wani makaɗin coci da ke saye wurina farin ya yaba."

Na ce, "Alhaji, ka tsaya ga ciniki, ka bar wa masu koyil koyil. Shekarata nawa ina wannan aiki?"

Ya ce, "Allah shi ba da sa'a." Irin addu'ar da ake yi wa wanda ya ce zai tsallake rijiya.

Na ɗaura baƙin a ranar. Kowane kunne yana da sukurori biyu a gefe, na ɗaga shi sama ko sauke shi. Na ce kunne ai kusa da baki ya kamata ya zauna, na ɗaga shi har ya kusa sumbatar tsirkiya. Da na kaɗa sau ɗaya, telan da ke maƙwabtaka da ni ya fito da almakashi a hannu yana tambayar abin da ya fashe. Daɗi ya kama ni. Ban ƙara kaɗawa ba, na rufe ta a jaka don kada albarkar ta zube.

Ranar Laraba bayan la'asar muka haɗu a zauren taubashina don gwaji. Na fara taken da muka saba buɗewa da shi. Ƙara kam ta cika zauren. Amma kowace tsirkiya na taɓa, musamman masu kaurin, sai muryarta ta riƙa rawa, kamar mai kuka yana dariya, kuma ta mutu tun ban sallame ta ba. Na ɗaure, na sassauta, na sake ɗaurewa. In ta daidaita a sama, sai ta karkace a ƙasa. Babban mai kalangu, bawan Allah, ya yi ta jan tsarkiyar kalangunsa yana zaton shi ne ya kauce.

Taubashina ya ɗaga hannu. "Mi ke nan, bawana?"

"Sabon kunne ne. Ba ka ji ƙarfi ba?"

"Na ji. Injin niƙan bayan gidanmu ma shina da ƙarfi, ban taɓa yi mashi waƙa ba." 'Yan amshi suka sunkuyar da kai. Ya ce, "Sai Asabar." Wannan ya fi zagin ciwo.

Ranar Alhamis ina zaune a shago na tasa jitar a gaba kamar mai zaman makoki, sai ga wani Buzu, maigadin wani gida a can hanyar Ƙofar Durɓi, ya kawo 'yar fankarsa ta tebur. Dattijo ne siriri, ba ya son yawan magana. Na san mutanensu da jita, amma ban san shi ma yana taɓawa ba sai da na ga yadda yake kallonta. Ya ce, "Malam, in gani?"

Na miƙa masa waya zan jona, ya girgiza kai. Ya kaɗa babbar tsirkiya haka nan ba wuta, ya manna kunnensa a jikin katakon. Ya sake kaɗawa. Sannan ya karkata jitar ya leƙa tsakanin tsirkiya da baƙin kunnen.

"Wannan ya riƙe ta," in ji shi. "Tana so ta yi lilo, shi yana ja."

Na buɗe baki zan kawo masa shekaruna a koyil, sai na tuna da me ake yin tsirkiya. Ƙarfe ce. 'Yar'uwar ƙusa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da na yi ta murna ya yi wa ƙusata a kasuwa, shi yake yi wa tsirkiya tun ranar da na ɗaura shi. Na rufe bakin.

Ya karɓi sukundireba ya sauke kunnen ƙasa sosai. Rawar muryar ta tafi. Muka jona, na kaɗa, ta daidaita, amma muryar ta toshe, kamar mai mura yana magana cikin bargo. Ya ce wayar ta yi masa yawa, irin wannan na masu son hayaniya ne. Ya tambaya ko babu wani. Na ce akwai wani rago da ko ƙusa bai iya riƙewa. Ya ce, "Shi."

Juma'a bayan an sauko na koma wurin Alhaji. Ya hango ni tun daga nesa ya fara gyara zama.

"A'a, masu koyil! Ina ƙusar?"

Na ce, "Tana gida, ba ta jin daɗi."

Ya ƙi karɓar baƙin, wai na yanke wutsiyar wayarsa na shafa mata dalma. Ya ba ni farin a kan in naɗa masa fankar shagonsa, kuma in yarda a gaban yaran kasuwa da manyanta cewa ya faɗa mani. Na yarda. Da yamma Buzun ya biyo karɓar fankarsa, muka ɗaura. Ni ina kaɗawa, shi yana juya sukuri kaɗan-kaɗan, idonsa a rufe. Ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri ya sauke shi fiye da na sirara. Can ya cire hannu. Na ja tsirkiya ɗaya na sake ta, ta yi ta tafiya har na gaji da jiranta. Ba muryar tsohon kunnena ba ce sak, ta fi ta haske kaɗan. Amma ta gidanmu ce.

Ranar Asabar na tarar da mai fiyano ya riga ni, ya kafa abinsa a kan ƙafafun ƙarfe, ya sa hula mai kyau. Mutumin kirki ne, har ya taso ya gaishe ni, abin da ya ƙara ba ni haushi. Na jona jitata, sai ga gurnani, wuuu, don janaretan gidan na bayan katanga kusa da mu, farin kunne kuma ba tagwaye ba ne, duk abin da ke iska sai ya kwaso. Na san maganin wannan tun da: ka riƙa juyawa da jitar har ka sami inda gurnanin ke mutuwa. Na juya dama, yana nan. Na juya hagu, yana nan. Bai mutu ba sai da na ba taron mata baya gaba ɗaya, na fuskanci turken awakin gidan.

Haka na zauna. Waƙa uku aka yi, mai fiyano na ta zuba algaita da ganga, ni ina bi a hankali, wani bunsuru yana kallona yana tuƙa. A ta huɗu, tsohuwar waƙar da muke yi wa uwar amarya, na ji kalangu sun sassauta. Ban ga fuskar taubashina ba, muryarsa kawai na ji a lasifika.

"Ku dakata mani! Ina bawana, mai ba mata baya, makaɗin awaki? Gaya masu da hannu, tunda fuskar ba ta nunuwa!"

Mata suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa, fili ya zama nawa. Na yi abin da na iya. Ban juyo ba har na gama, saboda gurnani, kuma saboda wani abu da ya faɗa mani a ido.

Mai fiyano bai tafi ba, har yau muna tare, shi ke riƙe mana sababbin waƙoƙi. Benci na nan, ana kirana sau ɗaya ko biyu a wuni, kuma sunan makaɗin awaki ya bi ni har masallacin unguwa. Baƙin kunnen na ɗaura masa igiya na rataye a shago. In sukuri ya faɗi cikin ƙasa, sai in ja shi a wurin, ya tsinto har da waɗanda suka ɓace tun bara.