Inna Mai Bokiti da Fitsarin Gado na Tara

Shekara ashirin da shida Inna Mai Bokiti ta yi a ɗakin kwanciyar mata na asibitin. Ta kama aikin ne bayan rasuwar mijinta, da goyo a bayanta. Ita ke goge ƙasa, ita ke kwashe fo ta wanke. Ba ta yi boko ba, amma akwai lura, ga tsokana. Idan sabon likita ya taka mata jiƙaƙƙen daɓe sai ta ce, "Ɗana, takalmin nan naka ma a ba shi gado."

Wata shekara aka kwantar da wata malamar makaranta a gado na tara, ciwon ciki na murɗa ta har tana cizon zani. An ɗauki hoto, an auna jini, komai lafiya lau. Ƙafafunta suka fara saki, wani lokaci ta yi ta sambatu. Dangi suka ce iska ce, wasu ma'aikata suka ce raki ne.

Wata safiya famfo ya ɗauke, Inna ta ajiye fo ɗin malamar a bakin taga. Da ta dawo da hantsi, sai ta tarar fitsarin ya rine, ja mai duhu kamar shayin da ya kwana. Washegari ta ajiye shi da gangan, kusa da na maƙwabciyar gadon. Na malamar kaɗai ya sauya.

Ran na uku, babban likita na zagaye, ta tare shi. Babbar nas ta harare ta, Inna ta yi kamar ba ta gani ba.

"Likita, a gafarce ni, ba hurumina ba ne. Fitsarin baiwar Allahn nan ba ya shiri da rana."

Ya bi ta har taga, ya daɗe yana kallo. "Sau nawa kika ga haka, Inna?"

"Uku. Ban so in zo maka da zance mara tushe."

Aka aika fitsarin ɗakin gwaji na wani gari. Ashe cuta ce da ake gada daga iyaye, wadda likitan kansa a littafi kawai ya santa, kuma ɗaya daga magungunan da ake ba ta shi ke ƙara tayar da ita. Aka janye shi, aka sauya magani. Bayan wata biyu malamar ta fita da ƙafarta, tana dogara sanda. Aka auna ƙanwarta, aka samu ita ma tana ɗauke da cutar, aka rubuta mata magungunan da za ta guje wa.

Da Inna ta yi ritaya, ƙanwar ce ta zo da mota ta kai ta gida.