Ba A Share Shagon Kawu

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma mai walda ne. Ƙofofin ƙarfe da tagogi yake yi, a wani shago mai faɗi a bakin titi, tsakanin mai faci da wata mata mai sayar da fenti. Tun yana ɗan shekara sha huɗu yake cikin ƙarfe, yanzu ya haura hamsin. Shiru-shiru yake ce mini, don tun ina ƙarama idan aka aike ni wurinsa sai in tsaya a bakin shago har sai shi ya lura da ni.

Bai taɓa yin zane a takarda ba. Idan aka ba shi aikin ƙofa, sai ya je ya yi awo, ya dawo ya durƙusa a simintin shagon da alli a hannu, ya zana ta daidai girmanta. Ganyaye, lanƙwasa, wani lokacin wani abu kamar fiffiken tsuntsu wanda idan ka matso sai ka ga ba fiffike ba ne. Daga nan ya riƙa lanƙwasa rodi yana ɗorawa a kan layin alli har ya hau daidai, sannan ya kunna inji. Shi ya sa doka ɗaya ce a shagon: muddin akwai alli a ƙasa, ba shara, ba takawa. Mai faci ma, duk da girman cikinsa, jikin bango yake raɓawa ya wuce idan ya zo aron guduma.

Sai kuma abin da a gidanmu ake kira kwanciya. Sau ɗaya a shekara, wani lokacin sau biyu, Kawu zai daina fita. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Zai kwanta ya juya wa ƙofa baya, mako uku, mako shida. Ba aski, wanka sai an yi da gaske, abinci ya yi cokali biyu ya ture. Idan an yi masa magana ya ce "to", shi ke nan. Matarsa, wadda muke kira Anti, ita ke zuwa shago ta rufe zanen da ya bari da kwalaye, ta danne da guntayen ƙarfe, ta ba masu aiki haƙuri. Wasu su jira, wasu su kai aikinsu gaba.

Ranar da ya tashi kuwa duk layin sai an sani. Da sassafe za a ji inji. Zai yaye kwalayen, ya goge rabin zanen da tafin hannu, ya yi wani. Ƙofofinsa da mutane ke tsayar da mota su ɗauki hoto, duk a irin waɗannan makonnin ya yi su.

Shekara biyu da rabi da suka wuce kwanciyar ta kai wata uku. Ya rame har agogo na zamewa daga hannunsa. Mahaifiyata da Anti suka sa shi a mota sai asibiti. Likita ta ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani, ta rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe. Bayan 'yan makonni ya tashi, shekara ta zagayo bai sake kwanciya ba. Yana fita, yana ci, shi ke kai 'yan biyunsa makaranta. Sai dai ƙofofin nasa sun koma irin na kowa. Layi a tsaye, layi a kwance, ɗan zobe a sama.

"Injiniya, yau ma kejin kaji ake haɗawa?" in ji mai faci idan ya leƙo.

"Je ka hura iskarka, malam. Kai da ba ka taɓa ƙera ko cokali ba."

Su yi dariya. Amma na lura idan mai faci ya tafi, Kawu yakan daɗe yana kallon aikin.

Da na gama jami'a ina zaman jira a gida, Anti ta ce in riƙa zuwa shago ina ɗaukar hoton ayyukansa a waya don nuna wa masu so. A lokacin ne shugaban wata sabuwar makarantar firamare ya kawo aikin babbar ƙofa. Da zai tafi ya ce, "Irin naka na da muke so fa."

Kwana uku simintin shagon fes, ba ko ɗigon alli. Rana ta huɗu na same shi zaune a kan benci yana juya allin a yatsunsa.

"Shiru-shiru, ke da kika yi karatu. Ƙwayar nan tana kashe ƙwaƙwalwa ne?"

So na yi in kwantar masa da hankali. Na ce a makaranta mun karanta cewa masu zane da marubuta da yawa sun yi fama da irin ciwonsa, har wasu na ganin ciwon yana da alaƙa da basirarsu.

"Wato tare suke tafiya?"

"Haka wasu ke cewa."

Akwai sauran magana, amma ya riga ya ɗago yana kallona sosai, ni kuma ba na iya magana idan ana kallona. Na sunkuyar da kai na ci gaba da danna waya.

Bayan mako biyar ya kwanta. A kwana na tara Anti ta je shago rufe kayan aiki, ta buɗe gwangwanin ƙusoshi ta ga ƙwayoyin a ciki. Kullum da safe a gabanta yake kai hannu baki ya kurɓi ruwa, ashe a aljihu suke tafiya. Ta aiko a kira ni da rana tsaka. Na same ta a tsakar gida da gwangwanin a cinya.

"Ya ce 'yar boko ce ta ce ciwon ne ke ba shi zane. 'Yar boko nawa gare mu?"

"Anti, wallahi ba haka nake nufi ba."

"Zo ki faɗa masa abin da kike nufi."

Ta ja ni har ɗakin. Labule a sake, fanka na juyawa, Kawu a kan katifa fuskarsa na kallon bango. Bai juyo ba, amma ya yi magana, abin da ba ya yi idan yana cikin wannan hali.

"Ki ƙyale yarinya. Ba ta ce in daina ba."

"To wa ya ce?"

"Ku ba ku san yadda tashin yake ba." Muryarsa can ƙasa. "Idan na tashi komai sabo ne. Inuwar wayar lantarki a bango ma zane ce. Da maganin nan ba na faɗawa, gaskiya ne. Amma ba na tashi."

Anti ta ajiye gwangwanin a ƙasa, ƙusoshin suka yi ƙara.

"Tashin mako biyu ne, Baban 'yan biyu. Wata biyun kwanciyar fa? A wata biyun ka taɓa riƙe alli? Ko maɓallin riga ba ka iya sawa. Ni nake zaune a nan ina ƙirga numfashinka. Jiya ƙaramar ta tambaye ni ko wani laifi suka yi maka. Shekararta bakwai. Me zan ce mata? In ce ta yi haƙuri, Baba ƙofa yake nema?"

Anti ta juyo ta kalle ni, na gane layina ne ya zo.

"Kawu, rabin magana na faɗa maka," na ce. "Malamin da ya koya mana ya ce ba a tabbatar ciwon ne ke ba su ba. Ya ce yawancinsu idan ciwon ya zo ba sa iya komai, sai ya sake su suke aiki. Wasu kuma bai sake su ba. Da su ya tafi, aikin yana nan ba a gama ba."

Fuskarsa na kallon bango ya tambaye ni:

"Sai yau kika ga damar ƙarasawa?"

"Kunya na ji."

"Ke kuwa," in ji Kawu. "Shekara ashirin da uku ba ki magana, ranar da kika buɗe baki sai rabi."

Anti ta yi wata gajeriyar dariya, ta goge ido da gefen mayafi.

Bayan kwana biyu ya yarda aka koma asibiti, har da ni. Ya faɗa wa likita komai, har gwangwanin. Ta yi masa faɗa a kan daina magani kai tsaye ba shawara. Ta ce wasu kan ji kansu ya yi nauyi da irin wanda yake sha, za ta canza masa wani a gani. Ya tambaye ta ko zanen zai dawo. Ta ce ita wannan ba za ta yi masa alkawari ba.

Ya ɗauki wata guda kafin ya koma shago. Shugaban makarantar ya jira. Zanen da a da yake yi a yini biyu, wannan karon kwana sha tara ya ci. Ya zana, ya goge, ya je ya sha shayi, ya dawo ya sake durƙusawa har gwiwar wandonsa ta yi fari. Abin da ya fito rassa ne da suka taso daga ƙasa suka haɗu a tsakiya, da ƙananan ganyaye daidai tsayin da hannun yaro zai kai.

Ranar da aka kafa ta, mai faci ya rufe wurinsa ya biyo mu. Ya zagaya ta gaba da baya, hannu a ƙugu.

"To, wannan dai ba keji ba ne."

"Ba ta kai na da ba," in ji Kawu. "Na sani, ba sai wani ya faɗa mini ba."

Ni ma na gani ba ta kai ba. Kyakkyawa ce, amma ban ga mota ta tsaya dominta ba. Ya buɗe ta ya rufe sau uku, ya ɗiga mai a inda take ƙara, ya tattara kayansa.

Yanzu wata goma sha ɗaya ke nan da kafa ƙofar. Wasu ƙofofin suna fitowa da kyau, wasu na kowa ne. Wani lokacin da safe yakan riƙe ƙwayar a tafin hannu ya ce yana kewar tashin nan. Anti ba ta musa masa. Takan miƙa masa kofin ruwa, ta tsaya har ya haɗiye.